Ƙaramin Jirgin Sama Mai Inji Ɗaya

Ran nan muna cikin karatu a wani aji, a gindin ɗorawa, sai muka ji ƙugi a sama. Kowa ya ajiye fensirinsa ya ɗaga kai. Wani ɗan farin jirgi ne, ga shi nan ƙasa-ƙasa, yana tafe a hankali kamar shamuwa. Da ya wuce sai wani dattijo daga cikin 'yan aji ya ce, "Malam, wannan injinsa guda nawa?" Muka ce masa ɗaya. Ya girgiza kai, ya ce, "To, in ɗayan nan ya mutu a sama fa? Wa zai tura shi?"

Aka yi dariya, amma tambayar dattijo ta hankali ce. Saboda haka yau za mu karanta labarin irin wannan jirgi, mu ga yadda a ke yi ya tashi, da yadda a ke koyon tuƙinsa, sa'an nan mu ba dattijo amsarsa.

Ƙananan jirage iri-iri ne. Za mu ɗauki guda ɗaya, wanda ya fi kowane jirgi yawa a duniya. Sunansa Cessna 172. Haka a ke rubuta shi, amma a baki Sesna a ke cewa.

Asalinsa

A shekarar 1903 aka fara tashi da jirgin sama mai inji, a ƙasar Amurka. Waɗansu masu gyaran keke ne su biyu, wa da ƙane, suka ƙera shi, tashinsa na fari kuwa daƙiƙa 12 kacal ya yi a sama. Bayan shekara 22, watau a 1925, jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga ƙasar Masar suka sauka a Kano. Su ma kowanne injinsa ɗaya ne.

Shi Cessna sunan mutum ne. Clyde Cessna ɗan manoma ne, a gona ya tashi a jihar Kansas ta Amurka, da gyaran injunan gona ya fara. A 1911 ya ƙera jirgi da hannunsa. Ba shi da malami, sai ya yi ta koya wa kansa tuƙi, yana faɗuwa yana gyarawa, har ya iya. A 1927 ya kafa kamfani a garin Wichita. Ya rasu a 1954, bai ga jirgin da ya fi ɗaukaka sunansa ba, gama sai a 1955 aka gwada 172, aka fara sayar da shi a 1956.

Daga wannan shekara zuwa yanzu an ƙera fiye da 44,000. An dakatar da aikin a 1986, bayan kamar shekara 10 aka koma, har yau kuwa ana ƙera shi. Jikan wanda ya koyi tuƙi da shi a 1956 yana iya koyo da irinsa yau.

Me ya sa mutane suka so shi haka? Jirgin da ya gabace shi tayoyinsa manya biyu a gaba su ke, da 'yar ƙarama a ƙarƙashin wutsiya. Irin wannan yana da wuyar sauka, in ɗan koyo ya yi sake sai wutsiya ta juyo gaba. Da aka zo ƙera 172 sai aka mai da taya ta uku ƙarƙashin hanci, saukarsa ta yi sauƙi. Jirgi ne mai haƙuri, kamar tsohon doki da a ke ɗora wa yaro. In ɗan koyo ya yi ɗan kuskure ba ya saurin hukunta shi.

Jikinsa

Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 11 ne. Daga hanci zuwa wutsiya mita 8 da 'yan kai. In an tashi daga aji ku yi manyan taku 11 a fili, za ku ga faɗinsa. Da alminiyam a ke yin jikinsa, ƙarfen nan fari mara nauyi da a ke yin tukunya da buta da shi. Mutum biyu suna tura shi a ƙasa ba wahala. Kujeru huɗu gare shi, biyu a gaba biyu a baya, cikinsa bai kai faɗin ƙaramar mota ba.

Fukafukansa a bisa kansa su ke, kamar rumfa. Don haka wanda ke ciki yana ganin ƙasa sosai, in an sauka kuma ga inuwa. A cikin fukafukan nan a ke zuba mai, tanki ɗaya dama ɗaya hagu, su biyun suna cin wajen lita 200. Man da ya ke sha fetur ne na musamman, ana rina shi shuɗi don a gane shi. Manyan jirage su wani irin kananzir su ke sha, in aka zuba wa ƙaramin nan nasu sai injinsa ya mutu.

Injin yana cikin hanci, farfela tana gabansa. Silinda huɗu gare shi a sababbin ƙira. Ba shi da lagireto, ba a zuba masa ruwa, iska ce ke sanyaya shi kamar babur. Ba shi da giya, balle giyar baya. Ku lura da wani abu guda. A mota kowace silinda fulogi ɗaya gare ta, a nan kuwa biyu-biyu ne, na'urar da ke ba su wuta ita ma biyu ce, kowacce da wayoyinta. In ɗaya ta lalace ɗayar ta ci gaba. Ko batir ya mutu inji ba zai tsaya ba, don wutar fulogi ba daga batir ta ke zuwa ba.

Yadda ya ke tashi

Mutane da yawa suna zaton farfela ce ke ɗaga jirgi. Ba haka ba ne. Farfela jan jirgi ta ke yi zuwa gaba. Fiffike shi ke ɗaga shi.

Wanda ya taɓa shiga mota ya miƙa tafin hannunsa ta taga ya san wannan. In ka shimfiɗa hannu, ka ɗan ɗaga gabansa, sai ka ji iska ta cilla shi sama. In mota ta rage gudu sai hannu ya yi nauyi ya faɗo. To, haka fiffike ya ke. An ƙera bayansa da ɗan doro, gabansa a ɗage kaɗan. In yana ratsa iska da sauri sai ya danna iskar ƙasa, ita kuma ta tura shi sama. Ga wani misali kuma da duk mun sani. Iskar farkon damina ta kan shiga ƙarƙashin rufin kwano ta ɗauke shi ɗungum. Abin da ke ɗauke rufin makaranta shi ke ɗaga jirgi.

Saboda haka ran jirgi gudu ne. Sai ya yi gudu a ƙasa ya kai wajen kilomita 100 a awa kafin ya rabu da ita. In ya hau ya daidaita, ya kan yi wajen kilomita 220 a awa. Daga Kano zuwa Katsina ba ya cika awa ɗaya. Matuƙi ya kan fuskanci iska in zai tashi ko zai sauka, kamar yadda ungulu ke yi. Ku duba ungulu a bakin mahauta in za ta tashi, za ku ga ta juya ta ba iska gaba.

Tuƙinsa ya sha bamban da na mota. Akwai sitiyari, amma ana jawo shi, ana kuma tura shi. In ka jawo shi wajen ƙirjinka, hanci ya ɗaga. In ka tura, hanci ya sunkuya. In ka murɗa dama, fiffiken dama ya yi ƙasa na hagu ya yi sama, jirgi ya karkata ya juya, kamar mai keke a kwana. A ƙasa akwai abin takawa biyu, su ke kaɗa wutsiya dama da hagu, birki kuma yana samansu. Totur da hannu a ke tura shi. In jirgi yana tafiya a ƙasa da ƙafa a ke juya shi. Direban mota in ya zo koyo ya kan sha dariya ran farko, gama zai yi ta murɗa sitiyari jirgi kuwa yana tafiyarsa inda ya ga dama.

Kafin a hau

Nan ne karatu ya shigo. Matuƙi ba ya zuwa ya buɗe ƙofa ya murɗa mabuɗi kawai. Sai ya zaga jirgin da ƙafa tukuna, da takarda a hannunsa. A takardar an jera abubuwan da zai duba, ɗaya bayan ɗaya. Ya duba tayoyi. Ya shafa farfela ko ta tsage. Ya zaro sanda ya auna baƙin mai. Ya leƙa hancin jirgi ko tsuntsu ya yi sheƙa a kan inji. Akwai wani ɗan bututu a ƙarƙashin fiffike wanda ke auna gudu, sai ya duba ko zanzaro ya toshe shi da laka. Ku ji fa, zanzaro ɗan mitsitsi yana iya sa agogon jirgi ya yi ƙarya.

Sa'an nan ya hau ya buɗe tanki ya ga mai da idonsa, ba ya dogara ga agogo kaɗai. Ya tsiyayi mai kaɗan daga gindin tanki a cikin 'yar kwalba, ya ɗaga ta wajen haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi zai kwanta a ƙasa, ga shuɗin mai a bisansa. In ya ga ruwa sai ya yi ta tsiyaya har ya ƙare.

Matuƙin da ya shekara talatin yana tuƙi shi ma karanta takardar nan ya ke yi kullum. Ya haddace ta tuni, amma ba ya yarda da hadda, don ranar da hankalinsa ya tafi wani wuri zai tsallake abu ɗaya bai sani ba. Mu dai a ganinmu, da direbobin manyan motoci za su ari wannan hali da an rage makoki a garuruwanmu.

Kafin ya ta da inji sai ya buɗe taga ya yi ihu don kowa ya matsa. Farfela in tana juyawa ba a ganinta sosai, tana kuwa sare abin da ta samu. In Allah ya kai ɗayanku kusa da ƙaramin jirgi, kada ya bi ta gabansa, kada kuma ya bar yara ko dabbobi su matso.

Yadda a ke koyo

Kujerun gaba kowacce da sitiyarinta da abin takawarta, a haɗe su ke. Ɗan koyo ya zauna hagu, malami dama. In ɗan koyo ya ruɗe sai malami ya karɓa. Ba a karɓa a ɓoye. Malami zai ce ya karɓi jirgi, ɗan koyo ya amsa da baki cewa ya saki, don kada kowa ya zaci ɗan'uwansa ke riƙe.

Da baƙi da wasali a ke farawa, kamar yadda kuka fara. A koyi tafiya miƙe. A koyi hawa da gangarowa. A koyi juyawa. Bayan haka malami ya hau da ɗalibi can sama, ya sa shi ya rage gudu da gangan, yana ɗaga hanci, har wani ɗan ƙaho ya yi kuka, fiffike ya kasa ɗaukar jirgi, hanci ya faɗa ƙasa. Cikin mutum ya kan ɗuri ruwa a karon farko. Zuciya tana cewa ka jawo sitiyari don ka koma sama, alhali maganin shi ne ka tura shi gaba, ka ƙara wuta, gudu ya komo, fiffike ya sake kama iska. Ana maimaita wannan har hannu ya saba.

Abin da ya fi wuya shi ne sauka. Ɗalibi zai tashi, ya zaga filin jirgi, ya sauko ya taɓa ƙasa, ya sake tashi, ya sake zagawa. In kun ga ƙaramin jirgi yana ta kewaya wuri ɗaya, ba ɓata ya yi ba, wani ne ke bitar darasinsa. Yau ya buga jirgi da ƙasa ya yi tsalle kamar kwaɗo. Gobe ya sauko da sauri da yawa. Malami yana gefe yana gyara masa.

Ran nan, galibi bayan awa 10 zuwa 20 na koyo, sai malami ya ce a tsaya a gefen hanya. Ya kwance ɗamararsa, ya buɗe ƙofa ya fita, ya ce, "Je ka, ka zaga sau ɗaya ka dawo." Ɗalibi ya tashi shi kaɗai. Zai ji jirgi ya yi sauƙi, yana hawa da sauri, don nauyin malami ba ya ciki. Ya waiwaya dama ya ga kujera ba kowa. Ba mai saukar da jirgin nan sai shi. Matuƙan manyan jirage masu kai alhazai Jidda, mafi yawansu ta wannan rana suka bi, a cikin ɗan jirgi mai inji ɗaya.

Kafin a ba mutum lasin na farko sai ya yi aƙalla awa 40 a sama, likita ya auna idonsa da kunnensa da zuciyarsa, ya kuma ci jarrabawar takarda a kan doka, da yanayi, da taswira, da lissafi. Sai ya ji Turanci, don da shi a ke magana da hasumiya ta rediyo. Kowace tafiya kuma yana rubuta ta a littafinsa, ranar kaza, daga wuri kaza zuwa wuri kaza, awa kaza.

A nan ƙasarmu akwai makarantar koyon tuƙin jirgi a Zariya, an kafa ta a 1964. Ta yi shekaru tana koyarwa da wani ƙaramin jirgi mai inji ɗaya ƙirar Faransa, sunansa Tampico, shi fukafukansa a ƙasa su ke. Mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgi a Nijeriya, Chinyere Kalu, a can ta koya, a 2011 kuma aka naɗa ta shugabar makarantar.

Amsar dattijo

To, yanzu in inji ya mutu fa?

Mun ce fiffike ke ɗaga jirgi, farfela ja kawai ta ke yi. In inji ya tsaya fiffike yana nan. Ku tuna da mai keke da ya hau tudu. In sarƙarsa ta tsinke bai faɗi ba, sai ya gangara. Haka jirgi. Matuƙi ya ɗan sunkuyar da hanci, ya riƙe gudu wajen kilomita 125 a awa, jirgi ya yi ta zamewa a kan iska kamar shirwa in ta daina kaɗa fukafukai. Kowace mita ɗaya da ya sauko ya kan ci gaba da kamar mita 9. Watau in yana mita 1,000 a sama zai iya kai wa wajen kilomita 9 kafin ya taɓa ƙasa. Sitiyari da abin takawa duk suna aiki, don da igiyoyin ƙarfe a ke jansu, ba ruwansu da inji.

A cikin wannan lokaci matuƙi ya zaɓi fili, ya gwada ta da inji, ya gaya wa hasumiya inda ya ke. Gonar da aka girbe, ko fako, ko hanyar da ba mota, duk suna yi, gama jirgin yana taɓa ƙasa da gudun da bai kai na motar haya a kan kwalta ba. Malamai suna koyar da wannan sosai. Ana cikin tafiya lafiya sai malami ya ja totur baya ba sanarwa, ya ce, "Injinka ya mutu. Ina za ka sauka?" Har ɗalibi ya saba, duk inda ya ke idonsa na neman fili.

Ba mu ce babu hatsari ba. In inji ya mutu jim kaɗan bayan an tashi, ko da dare, ko a bisa duwatsu, abin ya kan yi muni. Amma yawancin hatsarin ƙananan jirage ba daga inji ya ke fitowa ba, daga mutum ne. Wani ya ƙi auna mai, man ya ƙare masa a sama. Wani ya yi lodi fiye da kima. Wani ya ga hadari ya ce zai ratsa.

Bari mu yi lissafin lodi tare, ku ɗauko allunanku. Dokar sabon 172 ita ce kada nauyinsa duka ya wuce kilo 1,157. Jirgin kansa, ba mai ba mutum, wajen kilo 760 ne. In muka ɗebe 760 daga 1,157 saura 397. Fetur lita 200 nauyinsa wajen kilo 144. Mu ɗebe 144 daga 397, saura 253. To, ga maza huɗu, kowanne kilo 70. Sau huɗu ke nan, 280. Kun gani? Kujera huɗu ce, amma in an cika tanki mutum huɗu sun yi masa yawa, tun ba a sa jaka ko ɗaya ba. Sai dai a rage mai, ko ɗaya ya haƙura. Motar da aka yi wa lodi tana nishi ta hau tudu da kyar. Jirgin da aka yi wa lodi kuwa hanya ta kan ƙare masa bai tashi ba, ga itatuwa a gabansa.

Zafi ma yana ƙara wahala. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike da farfela ba su samun abin kamawa sosai, inji kuma ƙarfinsa ya ragu. Haka iskar kan tudu, kamar ta Jos. Jirgin da ya tashi cikin sauƙi da asubar hunturu, da tsakar ranar bazara sai ya ci hanya mai tsawo. Akwai jadawali a littafin jirgi mai nuna tsawon hanyar da a ke bukata a kowane zafi, matuƙi ya karanta kafin ya yanke shawara.

Sai hazo. Mu da muke zaune a ƙasar hunturu mun san ranar da ba a hango ƙarshen gona. Wanda ya shiga hazo ko gajimare ba ya ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, jikinsa kuwa sai ya yi masa ƙarya. Jirgi yana karkace, shi yana ji kamar a miƙe ya ke. Ba abin da zai cece shi sai agogunan da ke gabansa, mai nuna gudu, da mai nuna tsawo, da mai nuna karkata, da kamfas. Sababbin jirage allon gilashi gare su mai nuna duk wannan, amma karanta shi a ke yi dai. Tuƙi da agogo kaɗai wani karatu ne dabam mai lasin nasa. Wanda bai yi shi ba, in ya tashi da safe ya ga hazo, sai ya ɗaure jirginsa ya koma gida.

Masu yawo da shi

Ba makarantu kaɗai ke sayensa ba. A Amurka da Turai da Ostireliya akwai likitoci da manoma da 'yan kasuwa masu nasu, waɗansu kuma su haɗa kuɗi su huɗu ko biyar su sayi tsoho ɗaya, suna hawa bi da bi. Da shi su ke ziyara da yawon buɗe ido. Yana shan wajen lita 35 a awa. Ba abin talaka ba ne ko a can.

A ran 4 ga Disamba 1958 waɗansu mutum biyu, Robert Timm da John Cook, suka tashi da 172 daga garin Las Vegas na Amurka, da niyyar su ga iyakar kwanakin da za su yi ba su sauka ba. Aka shafa wa tayoyin farin fenti bayan sun tashi, don in sun sauka a ɓoye a gane. Kullum sai su sauko ƙasa-ƙasa bisa wata miƙaƙƙiyar hanya a hamada, mota tana gudu a ƙarƙashinsu, su zuro igiya su jawo mesa, a ɗura musu mai. Ta haka a ke miƙa musu abinci da ruwa. Ɗaya na tuƙi ɗaya na barci a kan katifa. Sai ran 7 ga Fabrairu 1959 suka sauka, bayan kwana 64 da awa 22. Injin nan guda ɗaya bai huta ba ko na minti ɗaya. Har yau ba wanda ya fi su daɗewa a cikin jirgi ba sauka. Dattijo, ka ji aikin inji ɗaya.

Wani kuma rashin hankali ya yi da shi. A ran 28 ga Mayu 1987 wani saurayi Bajamushe mai shekara 18, Mathias Rust, wanda bai fi awa 50 da fara tuƙi ba, ya tashi daga Helsinki ta ƙasar Finlan, ya ƙetare iyakar Tarayyar Sobiyet ba izini, ya je ya sauka a tsakiyar birnin Mosko, kusa da fadar gwamnati. Jiragen yaƙi sun gan shi a hanya, Allah ya yi da sauran kwanansa ba su harbe shi ba. Aka yanke masa shekara huɗu, ya yi wata 14 a tsare aka sake shi. Ministan tsaron ƙasar kuwa a kan wannan ya rasa kujerarsa.

Abin da za ku iya karantawa

Kowane jirgi yana da baƙaƙe a jikinsa, kamar lambar mota, na farkon su ke nuna ƙasarsa. Na Nijeriya da 5N su ke farawa, na Nijar 5U, na Gana 9G, na Amurka N. In ƙaramin jirgi ya sake wucewa ƙasa-ƙasa, ku gwada karanta su.

Hanyar saukar jirgi ita ma da lamba a bakinta, an rubuta da farin fenti, manya-manya. Daga kamfas a ke samo ta. A kamfas gabas 90 ce, kudu 180, yamma 270, arewa 360. Sai a yar da sifirin ƙarshe. Hanyar da ta fuskanci gabas a rubuta mata 09, wadda ta fuskanci yamma 27.

Yanzu ku amsa waɗannan a littattafanku. Me ke ɗaga jirgi, farfela ko fiffike? Don me matuƙi ke tsiyayar mai a kwalba? Wace lamba za a rubuta a bakin hanyar da ta fuskanci kudu? Jirgi yana mita 2,000 a sama injinsa ya mutu, kilomita nawa zai iya kai wa? Ga kuma na ƙarshe. Matuƙi yana da lita 140 a tanki, jirginsa na shan lita 35 a awa, yana kuwa so ya sauka da sauran man awa ɗaya. Awa nawa zai yi a sama? Wanda ya gama ya kawo wa malami ya duba.